Itatuwan da Malam ya bar mana

Asabar, 24 ga Mayu, 2025

Jiya gab da magariba hadarin farko na bana ya taso mana daga gabas. Duk wanda ya zauna Sakkwato ya san irinsa: sama ta yi ja, iska ta ɗauke ɗif, sai kuma ƙura ta taho gaba ɗaya tun ɗigon ruwa ko ɗaya bai sauka ba. Muna cikin kwashe shanya da rufe tagogi muka ji wata doguwar ƙara kamar ana yage sabon yadi, sannan ƙasa ta girgiza. Babban dogon yaron da ke bayan kicin ne ya kwanta yamma. Ya danne rufin kwanon kicin ɗin, ya zubar da bulo layi biyar na katanga. Ƙanwata ta fito daga kicin ɗin da kwanon tuwo ba a fi minti uku ba. Tukunyar miyar da ta bari a murhu, da safe muka ciro ta a lotse kamar an taka gwangwani. Allah ne kawai ya tsare.

Yau da sassafe na tsaya bakin ramin da iccen ya bari. Saiwoyin sun tashi da ƙasarsu kamar faifai, sun kai mini ƙirji. Icce ne da ya ninka gidan uku a tsawo, amma zurfin ramin bai wuce cinyata ba. Kuma ɓangaren gabas babu saiwa mai kauri ko ɗaya, sai wasu guntaye baƙaƙe da ke murmushewa in ka matsa su da yatsa.

Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam, shi ya dasa itatuwan nan daga 1985, bayan farin 1984. Lokacin nan wajen hanyar Wamakko fili ne fetal, sai gonaki. A keke yake ɗauko dashe daga gandun daji, ya yi ban ruwa da garwa kafin ya tafi makarantar da yake koyarwa. Yau shekara shida da rasuwarsa, kuma tun da ya rasu ba wanda ya ɗaga kai ya dubi itatuwan, inuwarsu kawai muke sha. Na ɗauki littafin nan ne don Yaya yana Kaduna, kullum sai ya kira ya ji inda aka kwana, ni kuma mantuwa gare ni.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na sayo fenti na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa lamba. Saura 22: dogon yaro 11, turare 3, mangwaro da maɗaci bibbiyu, sai tsamiya, kuka, giginya, da gawon da Malam ya tarar a filin.

Wajen awon tsawo, karatun Ishmawi da Iziyya ne ya yi mini rana. An koya mana cewa la'asar na shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar da ta rage da tsakar rana, wadda a wannan watan kusan babu ita. Na kafa sanda a tsakar gida, da inuwarta ta yi daidai da ita sai na bi inuwar itatuwan da tef. Turaren da ke jikin ɗakin Inna ya kai mita 18, tsakaninsa da bangon ɗakin kuwa taku huɗu ne.

Da na faɗa wa Yaya a waya, cewa ya yi a sare su duka a huta, rai ya fi inuwa. Inna na kan tabarma tana ji. Ta karɓi wayar ta ce masa: "In kunka sare su, ni ina za ni zamna? Kai kana Kaduna, ka manta watan Afrilu na garin ga." Ba ta jira amsa ba ta miƙo mini. Kowa da gaskiyarsa. Garin da zafi ke haura digiri 40 a bazara, inuwa ba ado ba ce. Amma ni na ga tukunyar nan.

Asabar, 31 ga Mayu

Limamin unguwa ya haɗa ni da wani dattijo mai saran icce, mutumin wajen Kware. Ya iso a kan kabu-kabu da gatarinsa naɗe cikin buhu. Bai ko zauna shan ruwa ba, ya wuce bakin ramin, ya tsuguna, ya ɗauki guntun saiwa ya shinshina. Ya nuna wani murfin siminti a gabas da ramin ya ce, "Mi kunka gina nan?"

Na ce, "Sokawe ne, Baba. A 2019 aka haƙa."

Ya ce, "To ba iska tak kada shi ba, ku kunka kada shi."

Jikina ya yi sanyi, don ni na tsaya kan aikin. Ina tuna masu haƙa suna cin karo da saiwoyi masu kaurin cinya, suna datsewa da gatari, ni kuma ina ce musu su yi sauri. Ramin bai kai mita biyu daga gindin iccen ba, kuma ta gabas yake, wato ta inda hadari ke bugowa. Saiwoyin wannan ɓangaren su ne igiyar da ke riƙe icce idan iska ta tura shi yamma. Na datse su, suka shekara shida suna ruɓewa a ƙasa, ganye kuwa kore shar a sama.

Da ina zaton saiwar icce na nitsewa ƙasa daidai da tsawonsa. Ashe yawancinta a sama-sama take, cikin mita ɗaya na farko, tana bazuwa har ta wuce iyakar inuwar rassa. A gida irin namu da ake zubar da ruwan wanki kullum a gindin icce, saiwar ba ta ma da dalilin nitsewa neman ruwa.

Daga nan ya bi lambobin. Yakan juya gatarin ya buga gindin da ƙeyarsa, ya kasa kunne. Lafiyayyen icce amsawa yake tim, a cike. Da ya zo lamba 4 ya buga, ya ce, "Ji shi, kamar ganga." Ya sa yatsa ya kankare wata jar ƙasa da ta hau jikin ɓawon, sai ga gara tana zuba. Dogon yaro ba abincin gara ba ne in yana da lafiya, shi ya sa ake son katakonsa. Amma wannan, shekarun baya an taɓa guntule masa kai saboda wayar eriya, ruwa ya riƙa kwanciya a wurin saran, cikin ya ruɓe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ya nuna mini abubuwan da na shekara ina wucewa ta gabansu ban gani ba. Kauci ya cika rassan mangwaro ɗaya yana tsotse shi. Lamba 9 ya rabu biyu tun daga ƙasa, rassan sun matse juna kamar almakashi, ɓawo ya shige tsakani, irin wannan gwafar ita ce ke tsagewa. Lamba 15 naman kaza ya fito a gindinsa, alamar ruɓa a ciki. Turare kuwa ko bugawa bai yi ba. Ya ce iccen ƙetare ne mai saurin girma da shan ruwa, yakan saki reshe ko ba iska, wurinsa bakin gona ko shingen tare hamada, ba bayan ɗakin tsohuwa ba. Asalinsa daga Ostareliya ne. Shi kansa dogon yaron da muke gani kamar ɗan gida, baƙo ne daga Indiya, a 1928 aka shigo da shi Najeriya ta Borno. Sai ka duba sunayen garin nan ka ga itatuwan asali: Ƙofar Marke, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Taramniya, Gawon Nama, Giginya. Ba inda aka sa wa suna turare.

Hukuncinsa: uku za su tafi, turare biyu da lamba 4. Bakwai a rage musu rassa. Lamba 11, wanda ya ɗan karkata wajen ɗakin samari, a sa masa ido. Sauran a bar su. Inna ta yarda, Yaya ya ce zai turo rabin kuɗin.

Laraba, 4 ga Yuni

Aiki ya tsaya, jibi Babbar Sallah. Masu faskare sun gama da rassan wanda ya faɗi, bana dai ba mu sayi iccen suyar nama ba, har maƙwabta sun samu. Gungumen na hana a taɓa. Yara sun so ɗaure ragon layya a gindin lamba 4, na kore su.

Asabar, 14 ga Yuni

Yau aka sauke turaren ɗakin Inna. Tun jiya muka kwashe kayanta, ita kuma ta tafi gidan Kawu a Runjin Sambo, ta ce ba za ta iya kallo ba.

Dattijo ya zo da samari biyar, ɗaya da injin yanka. Ba filin da za a kada iccen gaba ɗaya, don haka daga sama aka fara. Wani siririn yaro ya hau da igiya a ƙugu. Kowane babban reshe sai an ɗaure shi, an ratayo igiyar ta wata gwafa da ke sama, mutum biyu sun riƙe a ƙasa, sannan a yanka a sauke shi a hankali kamar guga a rijiya. Wannan kaɗai ya ci daga hantsi zuwa azahar.

Da ya rage gangar jikin, kamar mita bakwai, Dattijo ya zagaya ta sau biyu ya zaɓi inda za ta kwanta, tsakanin rijiya da kuka. Da hannunsa ya sara baki ta wannan ɓangaren, zurfinsa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin iccen. Sannan mai inji ya shiga ta baya, ɗan sama kaɗan da ƙasan bakin. Abin da ya fi jaddada masa shi ne kada ya yanke har ƙarshe, ya bar tsakiya kamar faɗin yatsu uku. Wannan ragowar ita ke riƙe icce ta bi da shi inda aka nufa, kamar yadda ƙyaure ke juyawa a jikin ƙofa. In aka yanke ta, icce ya zama na kansa, ko'ina ya ga dama sai ya tafi. Kafin a fara ya sa an share hanyar da mai inji zai bi ya gudu, ta baya a karkace, ya kuma kori 'yan kallo nesa, ninki biyu na tsawon gangar. Yaran unguwa sun cika kan katanga, sai da ya ɗauki tsumagiya.

Samari uku suka ja igiya daga nesa. Iccen ya yi shiru, ya yi ƙara ƙas-ƙas, sannan ya tafi a hankali ya kwanta daidai inda aka zana masa da ƙafa. Ƙamshin ganyen ya cika gidan har dare.

Wajen rage rassa ma na koyi abu. Mu da muke sara daga sama kawai, reshe na karyewa sai ya ɓare ɓawon har ƙasa, ya bar rauni mai tsawon hannu. Shi yakan fara ɗan yanka ta ƙasa, sannan ya yanke ta sama a ɗan gaba, nauyin ya faɗi, sai ya dawo ya gyara guntun daidai bakin kumburin da ke haɗa reshe da uwa, ba ya shiga cikin kumburin. Ta nan icce ke rufe ciwonsa.

Da Inna ta dawo da yamma ta tsaya kan kututturen ta daɗe. Ta ce ranar da Malam ya dasa shi tana goye da ni.

Asabar, 21 ga Yuni

Turare na biyu da lamba 4 sun sauka. Cikin lamba 4 kogo ne da yaro zai shige, naman iccen da ya rage a gefe bai fi faɗin tafin hannu ba. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya, bai ce komai ba sai "Innalillahi".

Asabar, 28 ga Yuni

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Alhajin da ke kudu da mu ya aiko, daga baya ya zo da kansa, a kan tsamiya. Rassanta uku sun tsallaka katanga suna kan rumfar motarsa da faifan solarsa. Ya ce a sare ta. Na ce, "Alhaji, tsamiyar nan lafiyarta ƙalau, an buga ta an ji." Ya ce wanda ya faɗi ma ai lafiya ƙalau muke ganinsa. Na rasa amsa.

Bayan la'asar muka je wurin liman. Ya kawo hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, ba cuta ba cutarwa, ya ce reshen da ya shiga sararin gidan maƙwabci yana cutar da shi, haƙƙinsa ne a janye masa, amma uwar iccen da ke cikin gidanmu ba shi da iko a kanta. Aka tsaya a haka, ni zan biya sara. Ban faɗa a gaban liman ba, amma shekara da shekaru tsamiyar kunun gidan Alhaji daga rassan nan ake kaɗo ta. Da aka sare, uwargidansa ta aiko wa Inna cewa ita ba da yawunta aka yi ba.

Asabar, 19 ga Yuli

Daren Talata an yi iska mai ƙarfi. Cikin gida ba abin da ya faɗi sai ƙananan rassa. A garka ne reshen maɗaci ya karye ya rataya kan wayar wuta. Wani maƙwabci ya kawo tsani zai janye shi da adda, na riƙe rigarsa. Ɗanyen icce jiƙaƙƙe yana ɗaukar wutar lantarki, kuma ba wanda ya san lokacin da za a kawo ta. Sau uku ina zuwa ofishin masu wuta, kullum a ce gobe. Har yanzu layinmu duhu.

Laifin maɗacin nan ba namu ba ne kaɗai. Da yake a waje yake, duk mai neman maganin ciwon ciki sai ya zo da wuƙa ya ɓare ɓawo. Sun kusa zagaye shi. Ta cikin ɓawo abincin da ganye ya sarrafa ke sauka zuwa saiwa, in aka yi masa zobe, mutuwa ce a tsaye. Na kewaye gindin da ragar waya. Wata tsohuwa ta zo jiya ta ga raga, ta yi mini kallon marowaci. Na ɗebo mata daga reshen da ya karye.

Asabar, 9 ga Agusta

Wuta ta dawo bayan kwana tara.

Ruwa kusan kullum, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Yanzu ne lokacin da na fi tsoro, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta riƙe saiwa, ga ganye ya yi nauyi. Tun farkon Yuli na buga ƙusa a jikin lamba 11, na rataya zare da ƙaramin dutse, na kafa turke a ƙasa daidai inda dutsen ke nunawa. Duk Juma'a nake dubawa. Makonni huɗu bai motsa ba. Jiya na tarar dutsen ya goce da faɗin yatsu biyu, ƙasa kuma ta ɗan kumbura ta tsage ta bayan iccen, kishiyar inda ya karkata. Samari sun kwashe katifunsu sun koma zaure. An rage masa manyan rassa biyu na ɓangaren ɗakin don a sauke masa kaya.

Inna ta ce a shekarar ambaliya, 2010, wadda ta karya gadar hanyar jami'a, ruwan da aka yi ba kaɗan ba ne, amma ko icce ɗaya bai faɗi a gidan nan ba. Na ce lokacin ba a yi daɓen siminti ba. A 2021 muka shafe tsakar gida har gindin lamba 11, 12 da 13, don a huta da taɓo. Saiwa na buƙatar iska da ruwa, mun toshe mata duka biyun.

Ɗan Yaya da ya zo hutu ya rugo ya ce gawo ya mutu, a kira mai gatari. Dariya ta kama Inna. Gawo haka yake, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, shi ya sa manoma ke barinsa a gona: ba ya tare wa gero rana, ga taki, ga 'ya'yansa abincin dabbobi. Ni abin da na lura da shi bana, duk iskar da aka yi ta cikinsa take wucewa, ba ganyen da za ta kama. Ga saiwarsa mai nitsewa ƙasa sosai. Cikin itatuwan gidan nan shi kaɗai nake kwana ban tuna da shi ba.

Mun yi sabon dashe guda biyar: tsamiya, kurna biyu, mangwaro da lemun tsami. Mafi kusa da gini taku goma ne. Na kewaye su da bulo saboda awaki. Idan rani ya shiga, ban ruwa mai yawa jefi-jefi za a riƙa yi musu, ba yayyafi kullum ba, don saiwar ta bi ruwan ƙasa.

Asabar, 6 ga Satumba

Birkila ya fasa simintin da ke kewaye da 11, 12 da 13, mita biyu ta kowane gefe. A ƙarƙashi ƙasar ta yi tauri kamar dutse, ga wari. Mun sassauta ta da hannu, ba da diga ba, muka zuba taki da busasshen ganye. Zaren lamba 11 ya ƙara yatsa ɗaya.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke, zafin kaka ya shigo. Yanzu muka san abin da turaren ke yi. Daga azahar rana na dukan bangon ɗakin Inna kai tsaye, da dare in ka dafa shi kamar tanda. Ta koma yini a gindin tsamiya. Ba ta ce komai ba, sai dai duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta ce ya leƙa ɗakin ya ji. Na sa an yi mata rumfar zana ta wannan gefen kafin a ga abin da hali zai yi.

Gungumen dogon yaron da ya faɗi an kai shi an tsaga, katakon na jingine a inuwa yana bushewa, da shi kafinta zai ɗaura rufin kicin. Har yanzu a rumfa ake girki. Kututturen lamba 4 ya yi toho, tsiro goma sha ɗaya. Dattijo ya ce a zaɓi ɗaya mai ƙarfi daga can ƙasa a bari, a cire sauran, kuma kada a bar shi ya wuce tsawon katanga, don tohon kututture ba ya kama jiki kamar reshen asali.

Cikin dashe biyar, lemun tsami ya mutu, akuya ta tura bulo ta cinye kurna ɗaya.

Saura lamba 11. Tun da ruwa ya ɗauke zaren bai sake motsi ba, amma yatsu ukun da ya goce ba su dawo ba. Yaya ya ce a sauke shi, Inna ta ce a guntule kansa kawai, Dattijo ya ce guntule kai shi ya kashe lamba 4. Ni na fi karkata ga saukewa, sai dai shi ke rufe ɗakin samari da rabin tsakar gida. Muna da daga yanzu zuwa Afrilu. Na kira Dattijo ɗazu, ya ce sai ya yanke dawarsa zai shigo gari, in ci gaba da duba zaren duk Juma'a.